Wardin Dimashƙa a Lambu: Ɗabi'ar Tsohon Fure da Sharuɗɗan Rainonsa

Gabatarwa

Bahaushe ya san wardi ta hanci tun kafin ya san shi ta ido. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma a bakin mafi yawan masu amfani da ita ƙamshi take nufi: ruwan wardi, turaren wardi, ko ɗan kwalbar da alhaji ya yo tsaraba da ita. Itacen da ke ba da wannan ƙamshi kuwa baƙo ne a gonakinmu, har wasu kan rikita shi da kariya, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da wardin hamada alhali babu dangantaka tsakaninsu. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wardin Dimashƙa, wanda masana tsirrai ke kira Rosa damascena, da yadda ake rainonsa. Hujjar da aka gina ta a kai ita ce, wannan itace yana da kalandar kansa, kuma duk wanda ya kula da shi kamar yadda ake kula da wardin zamani zai tashi da ganye da ƙaya babu fure.

Wane ne tsohon wardi?

Masu lambu sun ɗauki shekarar 1867 a matsayin iyaka. A shekarar ce Guillot, wani mai rainon furanni a birnin Liyon na Faransa, ya fitar da irin da ya sa wa suna La France, wanda ake ƙirgawa a matsayin farkon wardin zamani. Duk wani dangin wardi da aka sani kafin nan, tsoho ne. Na Dimashƙa yana cikin mafi daɗewa. Binciken ƙwayoyin halitta da wasu masana na Japan suka wallafa a 2000 ya nuna cewa barbarar iri uku ce ta haife shi: Rosa gallica da Rosa moschata da Rosa fedtschenkoana, na ƙarshen ɗan tsaunukan Asiya ta Tsakiya ne. Ashe ke nan sunan Dimashƙa yana nuna garin da ya yi suna da shi ne, ba lallai mahaifarsa ba.

A siffa, ƙaramin itace ne mai cunkushewa, kusan yadda lalle yake idan aka bar shi a shinge. Tsayinsa kan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, rassansa dogaye masu ranƙwafawa, cike da ƙaya manya da ƙanana. Furensa ruwan hoda ne, sako-sako, ba shi da tsarin nan na wardin shago da ake naɗewa a leda. Wanda ya saba da na shago zai iya raina shi a kallon farko. Ƙamshin ne ke raba gardama.

Fure sau ɗaya a shekara

Nan ne jigon al'amarin. Wardin zamani yana fure a kan sabon reshe, kuma yana maimaitawa muddin akwai ruwa da ɗumi, halin da ya gada daga wardin Sin da aka kai Turai a ƙarshen ƙarni na 18. Wani nazari na 2012 ya danganta wannan da wata ƙwayar gado mai suna KSN, wadda aikinta shi ne taka wa fure birki. A wardin Sin ta lalace, don haka furen ba ya tsayawa. A wardin Dimashƙa na asali birkin yana nan daram. Yakan yi fure na kimanin wata guda, daga nan ya juya ga fitar da dogayen rassa. Waɗannan rassa ba sa ba da komai a shekarar da suka fito. Sai sun ƙosa, sun sha sanyi, sun huta, sannan gajerun toho su ɓullo a jikinsu ɗauke da furen baɗi.

Abin da wannan ke nufi ga mai almakashi a bayyane yake. Idan ya datse itacen ƙasa-ƙasa gab da lokacin toho, kamar yadda littattafai ke umarni game da wardin zamani, to ya zubar da furen shekara guda da hannunsa, kuma babu takin da zai dawo da shi. Babban gyara ana yin sa ne da zarar fure ya ƙare: a cire reshe ɗaya ko biyu mafi tsufa tun daga gindi, a fitar da busassu da masu gugar juna, a rage tsayin sauran da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. A shekaru biyu ko uku na farko ma, barin sa ya fi taɓa shi. Akwai wani ɗan gidan da ake kira Quatre Saisons, wanda kan ɗan maimaita fure daga baya, amma bai kai yalwar na farko ba.

Dasawa da kulawa

Sauran buƙatunsa ba su da wuya. Yana son rana ta aƙalla awa shida, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Laka mai riƙe ruwa takan ruɓar da saiwa. A haƙa rami na kimanin rabin mita faɗi da zurfi, a gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a bar tazarar mita ɗaya da rabi tsakanin gindi da gindi domin iska ta ratsa. Ban ruwa mai zurfi a gindi sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi kullum a kan ganye, domin jiƙaƙƙen ganye shi ke jawo baƙin tabo da tsatsa. Darɓa kan taru a kan toho, amma ruwan sabulu marar ƙarfi ya ishe ta.

Hanyar yaɗa shi ta cancanci a tsaya a kanta. Ba a shuka ƙwayarsa, domin abin da zai tsiro ba zai yi kama da uwar ba. Ana yanko reshe ne mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, a binne kashi biyu cikin uku, kamar yadda manomi ke yi da karan rogo. Ko kuma a cire ɗan da ya tsiro a gindi tare da saiwarsa, kamar ɗan ayaba. Don haka kowane gindi ci gaban wani gindi ne da ya gabace shi, kuma binciken gado ya nuna cewa wardin da ake nomawa a Bulgeriya da na Turkiyya kusan itace ɗaya ne da aka yi ta yankawa ana dasawa. A ganin mai wannan nazari, gindi mai saiwar kansa ya fi mai aure dacewa da ƙaramin lambu. Idan aka yi wa wardi aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, duk abin da ya tsiro daga ƙasan mahaɗar na uwar ɗaki ne, wato wardin dawa, kuma idan aka yi sake sai ya rinjayi na saman.

Ina yake yarda ya zauna?

Wuraren da suka shahara da shi suna da abin da ya haɗa su. Ƙazanlak a Bulgeriya kwari ne tsakanin tsaunuka, ana tsinka a Mayu da Yuni. Isparta a Turkiyya tana kan tudu na kusan mita 1,000. Haka Ƙamsar kusa da Kashan a Iran, da Ƙal'at Maguna a kudancin tsaunukan Atlas na Maroko, da ƙauyen Marah na Siriya wanda UNESCO ta sanya al'adunsa na wardi cikin gadon bil'adama a 2019. Mafi kusa da zuciyar mai karatu Bahaushe ita ce Ɗa'ifa. Makka tana ƙasa cikin zafi, Ɗa'ifa kuwa tana sama da ita da tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, a tsayin da ya haura mita 1,800, kuma gonakin Hada da Shafa suna ba da fure a Maris da Afrilu. Ruwan wardinsu yana cikin abin da ake gaurayawa da Zamzam wajen wankin Ka'aba. A ko'ina cikin waɗannan wurare da asuba ake tsinka, kafin rana ta kwashe man, kuma sai an tara kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a tace kilo ɗaya na mai. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar turaren wardi mai araha.

Sanyi ne abin da ya haɗa su, ko na tsauni ko na nisa daga tsakiyar duniya. Kannauj da Aligar a arewacin Indiya fili ne mai zafin bazara, amma hunturunsu yana da sanyin da ke kwantar da itacen, shi ya sa ake noma shi a can.

Da wannan ma'auni za a auna ƙasar Hausa. Kano ba ta kai mita 500 ba, sanyin hunturunta gajere ne kuma na dare, sannan zafin Maris da Afrilu, wanda kan kusanci digiri 40, yana faɗowa daidai lokacin da ya kamata toho ya buɗe. Wardin da ake gani yana fure a gidajen Kano da Kaduna galibi jinin Sin ne, wanda bai damu da hutu ba. Wanda ke son gwada na Dimashƙa, Jos mai tsayin kusan mita 1,200, da Mambila da ta fi ta, da tsaunukan Bagzan a Azbin su ne wuraren da hankali zai fara kaiwa. Ko a can, sai an taimaka masa da hutun dole: a janye ruwa na wasu makonni a tsakiyar hunturu har ganye ya zube, a rage kan rassa kaɗan, sannan a dawo da ruwa da taki. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma a bar ɗan fili tsakaninta da jikin itacen saboda gara.