Shekarun uwa da rayuwar ɗa: labarin giwayen Bama

Giwa dabba ce mai tsawon rai. Takan kai shekara 60, wani lokaci har 70. Cikinta wata 22 ne, kuma ɗa guda take haihuwa. Saboda haka kowane ɗan giwa abin tattali ne.

A ƙasar Bama, can cikin Asiya, wadda ake kira Miyanma a yau, ana sa giwaye jan gumagumai a daji. Kowace giwa da littafinta, inda ake rubuta ranar haihuwarta, da sunan uwarta, da ƴaƴan da ta haifa. Masana na jami'ar Turku, a ƙasar Finlanda, suka duƙufa kan waɗannan littattafai.

A shekarar 2016 suka bayyana abin da suka gano. Ɗan giwar da uwarsa ba ta kai shekara 20 ba, ransa yana cikin haɗari, domin uwar ba ta gama ƙosawa ba, kuma ba ta san raino ba. Amma idan kaka, wato uwar uwar, tana zaune wuri guda da su, haɗarin mutuwar ɗan yakan ragu har sau takwas. Sau takwas, jama'a! Ashe tsohuwar da ake gani ƙarfinta ya ja baya, ita ce garkuwar jikanta.

Tsufa ma da nasa cikas. A 2020 wani binciken ya nuna cewa ƴaƴan da giwa ta haifa bayan ta tsufa ba su cika daɗewa a duniya kamar sauran ba.

To, mu ba giwaye muke kiwo ba. Amma saniya da taguwa su ma sukan shekara da yawa suna haihuwa, kuma makiyayi ya san ɗan fari da wuyar rayuwa. Karsanar da aka bari sa ya hau ta tun jikinta bai cika ba, takan sha wuyar naƙuda, nononta kuma kaɗan ne. Dakashinta, wato nonon farko mai kauri wanda ke kare maraƙi daga cututtuka, sau da yawa bai kai na babbar saniya ƙarfi ba. Don haka kada a tatse shi a zubar, kada kuma a raba shi da mutanen gida. Maraƙi ya sha ya ƙoshi cikin awa shida na farko, domin bayan kwana guda hanjinsa ba ya ƙara karɓar wannan kariya.

Ita kuwa tsohuwar saniya, a buɗe bakinta a duba haƙora. Idan sun cinye, busasshiyar ciyawar rani ba za ta ishe ta ba, balle ta shayar. In tana da ciki, a ware mata dusa da harawa tun daga watan bakwai.