Golmo da Tarbiyyar Matasa a Ƙasar Zuru: Darasi ga Masu Tsara Manufa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa tun kafin gwamnati ta rubuta wata manufa game da matasa, al'ummar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna da nasu tsari na rainon saurayi, wato golmo. Raunin da tsarin nan ya yi ya bar giɓin da makaranta ba ta cike ba tukuna.

2.0 Ma'anar Golmo da Amfaninsa

Golmo noman neman aure ne. Saurayi kan shiga ƙungiyar tsararsa, su riƙa nome gonar uban yarinyar da aka yi masa alkawari, damina bayan damina, har shekara bakwai bisa al'ada. Yau suna gonar surukin wannan, gobe suna ta wancan.

Idan aka duba da idon basira, za a ga golmo ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko, sana'a, domin ba a gama shi sai hannu ya san fartanya. Na biyu, sa ido, domin uba da suruki da abokan aiki duk suna lura da halin yaro, raggo kuwa ba shi da wurin ɓuya. Na uku, wa'adi, domin saurayi ya san abin da ke jiransa a ƙarshen wahala, wato aure da matsayin magidanci. Duk da haka tsarin yana da aibu, don sau da yawa iyaye ke ƙulla alkawarin tun yarinya ba ta isa a ji ta bakinta ba.

3.0 Sauye-sauyen Zamani

Ƙasar Zuru ta daɗe da yin suna wajen aikin soja, wanda ya fitar da samari daga gona, ya kuma ba su kuɗin da zai maye gurbin gumi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara janye yara zuwa aji. Daɗin daɗawa, rashin tsaro ya hana noman gonakin nesa, bai kuma bar makaranta ba, kamar yadda sace ɗalibai mata a Maga cikin Nuwamban 2025 ya nuna. Sakamakon haka, ɗalibi kan gama karatu da takarda a hannu, amma ba sana'a, ba mai sa masa ido, ba wa'adin da yake jira.

4.0 Shawarwari

Manufar Matasa ta Ƙasa ta 2019 ta ɗauki ɗan shekara 15 zuwa 29 a matsayin matashi, shekarun golmo kuwa suna cikin wannan zango. Don haka ya kamata:

(a) manazarta su tattara bayanan dattawa da harshen C'lela a ƙananan hukumomin Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba, tun masu sanin suna raye;

(b) Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ta kafa ƙungiyoyin matasa manoma bisa tsarin tsara, tare da wa'adi da sakamako bayyananne;

(c) a sanya 'yan mata cikin shirin, a kuma saurari ra'ayinsu.

5.0 Kammalawa

Ba kira ake yi a dawo da golmo yadda yake a da ba. Abin nufi shi ne, duk manufar da ba ta tanadar wa matashi sana'a da mai sa ido da wa'adi ba, to, ba ta kai wadda kakanninsa suka tsara ba.