Gishirin Teku Ba Ya Jiran Kasafin Kuɗi

Babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 za ta tashi daga Illela ta dire Badagry, tafiyar sama da kilomita 1,000. Can bakin tekun ne jiragen sojin ruwan Najeriya ke gadin mashigar kayan da ke ƙarewa a shagunan Illela da Birnin Konni. Ranar da aka sayo jirgi kowa na jin labari a rediyo. Ɗawainiyar shekaru talatin ko arba'in da ke biyo baya kuwa, da wuya a ambace ta.

Jirgi ƙarfe ne zaune cikin ruwan gishiri dare da rana, don haka tsatsa ba ta hutawa. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sukan manne a cikinsa su yi kauri, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Shi ya sa bayan 'yan shekaru ake shigar da shi wani makeken rami a bakin ruwa, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan har ya zauna kan dungu. A nan ake kankare shi, a auna kaurin ƙarfen, a yanke inda ya ci a yi walda, a shafa fenti mai korar halittun. Akwai kuma curin tutiya da ake liƙawa a jikinsa da gangan, don gishiri ya cinye su ya bar ƙarfen. Rundunar tana da irin wannan ma'aikata a Victoria Island, Legas. Duk direban tirelar da ke lodin albasa a Illela ya san dokar: wanda ya tsallake juyen mai yau, inji zai sauke gobe.

Dubi NNS Aradu. Kamfanin Blohm da Voss na Hamburg a Jamus ne ya ƙera shi, ya fara aiki a 1982, tsawonsa mita 125. An tsara shi ta yadda makamai da na'urori ke zaune cikin akwatuna, a ciro tsoho a zura sabo ba tare da an farke jirgin ba. Dabara ce mai kyau, amma sai da kuɗi da kayan gyara a kan kari. Jirgin ya je bikin tunawa da yaƙin Trafalgar a Ingila a 2005, daga baya ya shafe shekaru a ɗaure. Sai a 2023 aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar sabunta shi.

Sabuntawa daban take da gyara. Gangar jirgi kan yi ƙarko, amma rada da kwamfutocin harbi tsufa suke da wuri, wani lokaci ma masana'antar ta daina yin kayansu.

NNS Thunder ya girmi Aradu nesa ba kusa ba. A 1968 ya fara aiki da masu gadin gaɓar Amurka da sunan Chase, aka miƙa wa Najeriya shi a 2011, ya ci gaba da sintiri. A ganina, wannan ya isa shaida cewa kulawa ce ke yanke wa jirgi kwana, fiye da shekarar ƙira. Sai dai kyautar tsohon jirgi da nauyinta take zuwa, domin mai karɓa ne zai yi ta farautar kayan gyara.

Ritaya kan zo ne idan kuɗin gyara ya kusa kamo na sabo. Wani jirgin a mai da shi makaranta, kamar NNS Nigeria na 1965 da ya koma Obuma, jirgin horo. Wani a sauke tutarsa, a kwashe makamai da mai, a sayar wa masu yankan ƙarfe irin na Alang a Indiya. Gurbin da tsofaffin jiragen dakon sojoji Ambe da Ofiom suka bari, NNS Kada ne ya cike shi a 2022.