Cire Damfar Kuloci: Riba da Asara ga Motocin Hanyar Runka

Tun daga shekarar 1975, sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, mota mai giyar hannu ta zama abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa a ƙasar Hausa. A yankin Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana, da maƙwabciyarta Batsari, irin wannan mota ce ke kai malamin gona rangadi, ita ce kuma ke ɗauko gero da dawa zuwa kasuwa. Hanyoyin ƙauyukan yankin kuwa yashi ne da kwazazzabai, sa'an nan ga Dajin Rugu a gefe, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, har lalacewar mota a hanya ta wuce batun asarar kuɗi ta koma batun rai. Saboda haka ya kamata a fahimci wani gyara da akan yi wa kuloci, watau cire masa damfa.

Da farko dai, kuloci iri biyu ne. Akwai mai aiki da waya, kamar na galibin tsofaffin Golf samfuri na biyu, akwai kuma mai aiki da man birki, kamar na Peugeot 504. Na biyun ya dogara ne bisa ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin Faransa, ya bayyana a ƙarni na 17, cewa idan aka danne ruwan da ke rufe, ƙarfin dannawar yakan isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Direba na taka kuloci, sai famfon sama ya tura mai ta cikin bututu zuwa famfon ƙasa, shi kuma ya raba farantin kuloci da injin.

A tsakanin famfunan nan biyu ne waɗansu kamfanoni suke sanya damfa, alal misali a Honda Accord ta farkon shekarun 1990. Damfa ɗan ƙaramin akwati ne mai tanƙwasasshen faifai a ciki, aikinsa shi ne shanye girgizar injin don kada ta iso ƙafar direba. Tana da 'yar'uwa, wadda ake samu a motocin BMW da dama, watau wata ƙuntatacciyar ƙofa da ke rage saurin komawar mai, ta yadda ko direba ya saki kuloci da garaje, farantin ba zai kama farat ɗaya ba.

Masu cire su suna da hujja. Damfa takan sa kuloci ya yi laushi kamar an taka soso, direba ya kasa gane daidai inda faranti ke fara kamawa. A cikin yashi ko a bakin ƙorama kuwa, wannan sani shi ne bambancin fita da kafewa. Ƙuntatacciyar ƙofar kuma takan tsawaita zamewar faranti, ya yi zafi, ya ci da wuri. Bugu da ƙari, tsohuwar damfa takan yi yoyo ko ta ɓoye iska. Idan bakanike ya fitar da ita ya haɗa bututun kai tsaye, kuloci yakan yi tsauri ya riƙa bin ƙafa sau da ƙafa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Bugun da waɗannan na'urori ke tarewa ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan giya da shafta da robobin da ke riƙe injin. Motar da aka labta wa buhuna fiye da ƙima, idan aka fizge ta bayan an cire mata wannan kariya, tana iya karya shafta a tsakiyar daji. Haka kuma cire damfa ba ya warkar da farantin da ya riga ya cinye, ko famfon da robarsa ta mutu.

Wanda ya yanke shawarar yin gyaran, akwai sharuɗɗa uku. Na farko, a yi haɗin da bututun ƙarfe irin na birki, kada a yi da tiyon fetur, domin man birki yakan kumbura shi ya fashe. Na biyu, a fitar da iska sarai, a zuba sabon mai irin wanda kamfanin motar ya ƙayyade, DOT 3 ko DOT 4, gama man birki yana shan laima idan ya daɗe. Na uku, a gwada motar a cikin gari, a duba mahaɗar ko tana tsattsafo, kafin a hau doguwar hanya.

A taƙaice, idan damfa lafiyarta lau, kuma direbobi dabam-dabam ne ke tuƙa motar, kamar yadda yake ga motocin ofis, barinta ya fi cire ta. Idan kuwa ta lalace, kuma motar na hannun gwani guda mai sakin kuloci sannu a hankali, cirewar tana da amfani, muddin ya san cewa aikin da damfa ke yi a da, yanzu ya koma kan ƙafarsa.