Ƙaramin Yatsa da Aikin Dashen Jijiya

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya dubi hannunsa. A cikinsa akwai ƙasusuwa 27, amma abin mamaki, tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun take ba. Mafi yawanta tana can a damtse, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga nan wasu fararen jijiyoyi masu ƙarfi kamar igiya suka taso, suka ratsa tafin hannu, suka manne a ƙashin yatsa. In tsoka ta tsuke sai ta ja jijiya, yatsa ya lanƙwashe, kamar yadda linzami ke juya kan doki.

Ƙaramin yatsa yana da jijiya biyu masu lanƙwasa shi ta ciki, da wasu ta baya masu miƙe shi. Akwai kuma 'yan ƙananan tsokoki a tafin hannu masu daidaita wannan ja. Su kuwa umarni suke karɓa daga wata jijiyar dabam, mai kai saƙon ƙwaƙwalwa, wadda ta bi ta bayan gwiwar hannu. Ita ce in ka bugi gwiwar hannunka da benci za ka ji zir har ƙaramin yatsa.

To, wannan jijiyar saƙo ita ce kuturta ta fi kamawa a hannu. In ta mutu, ƙananan tsokokin nan su shanye, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ƙandare kamar ƙafar shaho. Manomin Balan da hannunsa ya zama haka, yaya zai riƙe fartanya ko lauje sosai? Da wuya, domin riƙo mai ƙarfi da waɗannan yatsu biyu yake cika.

A ƙarshen shekarun 1940 wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, ya fara gyaran irin wannan hannu a garin Vellore na ƙasar Indiya. Dabarar ita ce a nemi tsoka mai rai wadda hannu zai iya yi ba ita, misali ɗaya daga cikin masu ɗaga wuyan hannu. Sai a kwance jijiyarta, a ƙara mata tsawo, a raba ta huɗu, a ɗinka a yatsun da suka ƙandare. Bayan kamar mako 3 a filasta, majiyyaci ya shiga koyon motsi, don ƙwaƙwalwa ta saba da sabon aikin da aka ba tsokar. Sai dai aikin motsi kawai yake maidowa. Hannun da ya daina jin zafi ba ya komawa ji, dole a tsare shi daga wuta da ƙaya.

A Kano akwai asibitin Yadakunya mai kula da masu wannan cuta tun shekarun 1930, ga kuma asibitin ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke kashe ƙwayar kuturta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su, a sha wata 6 ko 12.

Saboda haka duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ko ƙaramin yatsansa ya riƙa dindiris, ya garzaya asibitin Gaya ko na Ajingi tun jijiya ba ta mutu ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.