Ciwon baya: ba dole sai an tsaga ba

Daga Nima har Aboabo, dattawa da yawa sun koma sallah kan kujera saboda ciwon baya, amma tsoron tiyata ya hana su zuwa asibiti. To, in guringuntsin tsakanin ƙasusuwan baya ne ya danne jijiya, yawanci ciwon kan lafa cikin mako 6 zuwa 12. In ya ƙi, likita kan yi allura daidai wurin, yana kallon hoton ƙashi. In hakan ma bai yi ba, ana cire abin da ya danne jijiyar ta 'yar kafa kamar santimita 1, da siririyar kyamara. Amma fa in fitsari ya fara kuɓucewa, ko ƙafa ta fara mutuwa, a bar shafe-shafe, a garzaya Korle Bu ko Komfo Anokye a ranar.