Kishin ƙasa iri biyu: abin da ganuwar Zazzau ke nunawa

Da wuya ka zauna da Bazazzagi na ɗan lokaci bai ambaci Sarauniya Amina da ganuwar birni ba, kuma yana da hujjar yin alfahari. Sai dai duk wanda ya zagaya daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, ya wuce Ƙofar Gayan, zai ga wani abin da ba a cika faɗa a wajen taro ba: ganuwar ta zaizaye, an ɗebi ƙasarta an yi tubali, a wasu wuraren gidaje sun hau kanta. Mutum biyu za su tsaya a gabanta, ɗaya ya ce babu birni kamar namu, ɗaya ya tambayi wa ke cin ganuwar. Dukansu kishi suke yi, amma ba iri ɗaya ba.

Mai kishi na farko ya ɗauki ƙasarsa ba ta kuskure, don haka duk wanda ya nuna aibi maƙiyi ne ko ɗan koren baƙi. Irin wannan kishi yana da daɗin baki, kuma ba ya neman komai daga mai shi sai tafi. Na biyun ya ɗauki ƙasa amana ce a hannunsa, kamar yadda ɗan kasuwa ke ɗaukar shagonsa: saboda yana son shagon ne yake ƙirga kaya, yake bin bashi, yake hawa rufi ya duba inda ke yoyo kafin damina.

Zariya ta daɗe da sanin wannan na biyun. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma ta zama dandalin da matasa masu ilimin zamani ke tattauna halin da Arewa take ciki. A garin nan kuma Malam Sa'adu Zungur ya yi koyarwa a wajajen 1940. Waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya gargaɗi ce ga masu mulki: su gyara shari'a, su rungumi ilimi, su bar zalunci, in suna son sarautar ta ɗore. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauke shi ɗan tawaye. A yau babu mai shakkar cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa son Arewa. Haka aka yi ta kallon Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya shafe shekaru yana fallasa yadda ake fakewa da addini da ƙabila don cin ribar siyasa.

Ba duk mai suka ne mai kishi ba, wannan ma a faɗe shi. Akwai wanda ke zagin Najeriya don ya huce takaici, alhali shi ma yana tauye mudu a kasuwa, ko yana ɓoye fayil a ofis sai an ba shi na goro. Ana gane mai kishin gaske ne idan aibin da ya nuna ya dame shi, ya kawo hujja, kuma ya fara da kansa. A Mayun 2024 Najeriya ta koma tsohon taken ƙasa. Ma'aikacin da ya haddace shi cikin mako guda amma ya ga an sa hannu a kwangilar bogi ya yi shiru, bai ƙara wa ƙasar komai ba.

Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, abin tinƙaho ne ga ƙasar Hausa baki ɗaya. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an lura da tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi su duba. Ita kuwa ganuwa tsagewarta ba ta kwana ɗaya ba ce. Shekaru aka yi ana wucewa ta gefenta safe da yamma.